Haƙoran Garinmu

A Fagge aka haife ni, amma ba a can na yi ƙuruciyata ba. Da aka tashi yaye ni sai aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, can wani ƙauye na arewa maso gabas da ke gindin duwatsu, inda Baba ya baro tun yana saurayi ya zo Kano cinikin atamfa. An ce zan ɗan kwana biyu in manta da nono a dawo da ni. Kaka ta yi kamar ba da ita ake ba. Umma kuma ta sake haihuwa, ta sake, hannunta ya cika, sai maganar ɗauko ni ta koma ta "bayan sallah". Sai da na fara famfara, lokacin sa ni a makaranta yana neman wucewa, sannan Baba ya je da kansa ya taho da ni.

Na iso da giɓi a baki, kowa yana yi mini tsiya, babu wanda ya damu. Da sababbin haƙoran suka fito ne gida ya rikice. Da farko wasu fararen ɗigo-ɗigo ne a jikinsu, kamar an goga alli. Daga baya suka soma rinewa, suka koma launin shayi mai kauri, wasu wuraren har da zane-zane. Ranar da Umma ta lura, a tsakar gida take yi mini kitso. Ta juyo da fuskata, ta ɗaga mini leɓe da ɗan yatsa, ta ce, "Innalillahi! Ke me kika ci?"

Ban ci komai ba, amma unguwarmu ba ta rasa masana. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙuli ta ce goro nake sata. Wata ta ce shawara ce ta hau haƙori. Wata 'yar uwar Umma da ta taɓa aiki a asibiti ta ce kafso aka ɗura mini ina jaririya. Matar mai gidan da ke kallon namu ba ta wahalar da kanta ba, ta ce ƙazanta ce kawai, ta kuma faɗa a inda Umma za ta ji.

Wannan maganar ce ta ja mini. Umma mace ce da ko tukunyarta ta girki sai ka ga fuskarka a jiki, ba za ta zauna a ce 'yarta ta fari ƙazama ce ba. Ta fara da asuwaki. Ta koma gawayi. Ta haɗa toka da gishiri. Wata ta ba ta shawarar lemon tsami da kanwa, ta gwada. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai ta matse kaina a cinyarta ta dirje ni, dasashina yana jini, ƙannena suna tsaye suna kallo da haƙoransu farare tas, waɗanda ba a taɓa wahala a kansu ba. Da duk wannan ya gaza, sai ta shiga kasuwar Sabon Gari ta zaɓo man goge baki mafi tsada, wanda mai shagon ya rantse mata da shi Turawa suke amfani. Ta kafa mini doka: safe, rana, da bayan isha'i.

"Kada ki kurkure," in ji ta. "Bar shi ya kama."

A haka na girma. Na iya dariya da baki a rufe, na iya magana leɓena na sama bai motsa ba. A hotunan sallah duk ni ce mai kama da wadda aka yi wa rasuwa.

Da na shiga babbar sakandare Baba ya sa ni a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, saboda ya ji an ce malamanta suna zuwa aji. Malaminmu na kemistiri wani dogon mutum ne, iyayensa 'yan kudu, amma a Sabon Gari aka haife shi. Da Turanci yake fara darasi, idan abin ya yi masa daɗi sai ya zame zuwa Hausa, irin ta tasha. Makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje, sai dai abin da ke ciki kwalabe ne wayam da wata taswirar sinadarai da rana ta ci rabinta. Duk abin da muka sani na kimiyya, da alli muka san shi.

Ranar da zan ba da labari, ya shigo ya nuna wani layi a gefen taswirar, ya ce waɗannan 'yan gida ɗaya ne, ana kiran su halojin, wato masu haifar da gishiri. Ya ce biyu daga cikinsu mun san su: kulorin da muke jin warinsa a ruwan famfo idan an ga dama an kawo, da aidin da ake ɗiga mana a ciwo muna ihu. Sannan ya ɗora allinsa a kan na can sama.

"Wannan shi ne ƙaraminsu, shi ne kuma fitinannensu. Fulorin. Lamba tara."

Ya zana 'yar ƙaramar da'ira a allo ya ce wannan ce cibiyar ƙwayar zarrarsa, a cikinta akwai furoton tara da nutron goma. Ya zagaye ta da zobe, ya ɗiga ɗigo biyu. Ya sake zagayewa da wani zoben, ya ɗiga bakwai. Ya ce ɗigon nan su ne ilektron, tara ke nan, daidai da furoton.

"Zoben wajen nan takwas yake ɗauka. Nawa ke ciki?"

Muka ce bakwai.

"Kun taɓa tsayawa a tashar Bata, mota ta kusa cika? Me kwandasta yake cewa?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya: "Saura mutum ɗaya!"

"Yawwa! To idan saura mutum ɗaya, ko ba tafiya za ka yi ba sai ya fizge maka jaka. Haka wannan yake. Kuma da yake ɗan ƙarami ne, zobe biyu kacal, cibiyarsa tana kusa da bakin ƙofa, jan da take yi ya fi na kowa ƙarfi. Kulorin zobensa uku, ya ɗan yi sanyi. Aidin ya yi ƙiba, sai ya ga dama. Amma wannan, ƙarfe ne, ruwa ne, gilashi ne, ba ya ƙyale kowa."

Ya ce iska ce mai launin rawaya-rawaya, mai guba, har waɗanda suka fara ƙoƙarin ware ta wasu sun nakasa, wasu sun mutu. Wani yaro ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ta. Ya ce Allah ya kiyaye. Ya ce ba ma a samun ta ita kaɗai a duniya, domin da zarar ta fizgi ilektron ɗin nan guda sai ta lafa, ta zama fulorayid, ta kwanta a cikin duwatsu kamar ba ita ba. Ruwa ya bi ta cikin dutsen, ya ɗebo ta, ya kawo rijiya. Kaɗan ɗinta yana ƙarfafa haƙori. Idan ta yi yawa a ruwan da yaro yake sha lokacin da haƙoransa suke ginuwa a cikin dasashi kuwa…

Sai ya juyo daga allo. Idonsa ya bi aji, ya tsaya a kusurwar da nake zaune.

"Ke, 'yar Fagge. A ina kika yi ƙuruciya?"

Na faɗa masa, leɓena a rufe.

"Akwai duwatsu?"

Na ce akwai.

"Ruwan rijiya kuke sha?"

Na gyaɗa kai. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi farin ciki irin na ranar ba. Ya tafa hannu, ƙurar alli ta tashi. Ya ce in fito gaban aji. Ya ce shekara da shekaru yana koyar da darasin nan babu abin nunawa, ashe abin nunawa yana zaune a bayan aji ya yi shiru. Ya ce in buɗe baki. Na buɗe. Aka taso layi-layi ana leƙawa, har da masu cewa in ɗan juyo wajen taga.

Kafin a tashi sunana ya koma Lamba Tara, kuma har muka gama makarantar bai sake ni ba. Na yi kuka a hanya. Amma ko a lokacin na san kukan ba na baƙin ciki ne zalla ba, domin shi ne mutum na farko da ya leƙa bakina bai ce ba na wankewa ba.

Ranar Juma'a ce, Baba ya dawo daga masallaci bai koma kasuwar Kantin Kwari ba, yana cin abinci a tsakar gida. Na zauna na kwashe duk abin da aka yi na faɗa musu, har da zoben da ɗigon. Umma ta ajiye ludayi.

"Wato ruwan garinsu ne?"

Na ce haka Malam ya ce.

Ta juya ta dubi Baba da wani irin kallo da na tabbata ta daɗe tana ajiyarsa. Baba ya tsame hannu daga kwano.

"Wane malamin? Ya taɓa zuwa garinmu? Ruwan rijiyar Inna ko a Kano babu mai daɗinsa. Shi muka sha muka girma, me ya same mu?"

"Alhaji, buɗe bakinka."

"Wannan ai goro ne."

"Goro? Lokacin da aka kawo ni gidan nan ko ɓarin goro ba ka ci, kana cewa yana hana ka barci. Haka na same su."

Baba ya ce shi dai ba za a zagi rijiyar mahaifiyarsa a gabansa ba, ya wanke hannu ya fita zaure. Umma ta yini tana 'yar waƙa a ƙasa-ƙasa. Nasararta ba ta wuce washegari ba. Da safe na ɗauko man goge bakin nan, na tsaya karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, abin da ban taɓa yi ba. Ga kalmar nan, fulorayid, a rubuce, har an yi mata ado da tauraro. Na kai mata na nuna.

"Shi ne dai? Abin da ke cikin rijiyar?"

"Shi ne, Umma."

Ran Litinin ta saka mayafinta na zuwa biki, ta jefa man a jaka, ta ce mu je. Umma ba ta taɓa taka makarantar ba sai ranar. Muka samu Malam a ƙarƙashin matakala yana cin gyaɗa. Ya miƙe da sauri ya gaishe ta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta zaro man ta miƙa masa.

"Malam, ka ce abin nan ne ya ɓata mata baki. To ga shi ana sayar mana da shi a kasuwa. Ni da hannuna nake matsa mata. Ni na ƙara mata ke nan?"

Ya juya man a hannunsa. Ya ce, "A'a, Hajiya. Na cikin nan kaɗan ne, kuma a waje ake shafawa. Ƙannenta ma su ci gaba da amfani da shi, zai tsare musu haƙori, sai dai a tofar, kada a haɗiye. Nata kuwa tun suna cikin dasashi aka gama rina su. Kafin ki gan su an riga an gama."

"To da me ake wankewa?"

"Ba datti ba ne, Hajiya. A cikin jikin haƙorin yake. Ko atamfa ce, ai ba a wanke zanenta."

"Gawayi fa? Lemon tsami?"

Ya dube ni, ya dube ta, ya rage murya. Ya ce waɗannan sai dai su cinye bayan haƙorin, a daina. Sai kuma, don ya faranta mata, ya ƙara da cewa irin haƙoran nan ba kasafai suke rubewa ba, idan ba su yi tsanani ba. Umma ta yi godiya, ta karɓi manta, muka fito.

A adaidaita sahu muka taho har muka iso Bata, muka shiga cunkoso. Masu dako suna ratsawa da dilolin yadi a ka, kwandastoci suna ta kiran saura mutum ɗaya. Tana kallon waje ta ce, "Da zafi?"

"Me, Umma?"

"Lemon tsamin."

Na ce da zafi.

"Ai ba ki faɗa ba."

"Na faɗa."

Can sai ta leƙa ta yafito mai rake da ke tura baro a gefen titi, ta zaɓi mafi kauri, ta hana shi feraye mini. Ta miƙo mini ta ce, "Tunda an ce masu ƙarfi ne, a gani." Iyakar haƙurin da ta ba ni ke nan, ni kuma na karɓa. Na ɓare raken nan da haƙori a gaban duk mutanen Bata.

Maganar Malam ta tabbata. Ƙannena masu fararen haƙora babu wanda bai kwana da kumburarren kunci ba, har an cire wa biyu daga cikinsu turame. Ni ko sau ɗaya. Ni ce mai raka su asibitin haƙori, in zauna a benci baki a rufe, ma'aikatan suna kallona suna zaton ni ce marar lafiyar.

Ban zama 'yar kimiyya ba, harshe na karanta. Amma a gidanmu tun daga ranar aka naɗa ni, ko fitila ce ta mutu sai a ce a kira mai kimiyya. Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai. 'Yan garinmu mazauna Kano suna da ƙungiya, a zaurenmu suke taro duk ƙarshen wata: 'yan kasuwar Kwari, direbobi, malaman makaranta, da wani tsohon ma'aikacin kotu da ke shugabantarsu. Idan na kai musu ruwa suka yi dariya, sai in ga bakina a fuskar kowannensu. Dukansu kuma goro suke ɗora wa laifi. Na riƙa damun Baba cewa har yanzu akwai yara a garin da suke shan ruwan nan, ya kamata a yi wani abu. Ya kan ce in bar shi ya ji da kasuwa.

Sai wata shekara ƙungiyar ta tashi yin aikin alheri a gida, ana ta gardama tsakanin katange maƙabarta da gyaran makaranta. Baba ya miƙe ya ce a haƙa rijiyar burtsatse. Ya ce 'yarsa da ta yi boko ta tabbatar masa rijiyoyin garin suna da wani sinadari, don haka a nutsa ƙasa sosai, a wuce shi, a samo ruwa mai tsabta. Ni dai abin da na ce shi ne a yi wani abu. Amma daga tsakar gida nake jiyo shi, kuma ba a shiga zaure a gyara wa uba magana a gaban baƙi. Aka yi kabbara, aka amince.

Aka haƙa. Injin ya huda dutse ya yi ta tafiya, har masu aikin suka ce ba su taɓa nutsawa haka ba. Aka buɗe da taro, aka turo hotuna ta waya, Baba a tsakiya da babbar riga yana murɗa famfo. Da suka dawo ya ce, "Mu manya idan muka sa abu a gaba, sai an yi." Sun taho da jarka guda ta ruwan a matsayin tsaraba, aka zagaya da kofi a zaure kowa ya kurɓa yana santi.

Na roƙi direban da ya kai su ya ɗebo mini na rijiyar Kaka a zuwansa na gaba, ya kawo. Na zuba kowanne a kwalbarsa, na kai wani ɗakin gwaji a Sabon Gari inda masu sana'ar ruwan leda suke kai nasu. So nake in ga bambancin a rubuce in nuna wa Baba, ya san ba a yi aikin banza ba. Da na koma karɓar sakamako, matar da ta yi gwajin ta tambaye ni ko na tabbata ban musanya kwalaben ba. Na ce na tabbata.

"To 'yar uwa, duka biyun sun wuce ƙima. Amma na burtsatsen ya fi yawa nesa ba kusa ba."

Na ce yaya za a yi, ai shi ne mai zurfi.

Ta ce shi ya sa. A irin wannan dutsen, ruwan da ya fi nisa a ƙasa shi ya fi daɗewa kwance da dutse, shi ya fi kwasowa. Rijiyar gargajiya ko ba komai ruwan sama yana tsarma ta. Ta ce kada a ba yara.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa wa Baba. Na same shi da yamma a ƙofar gida kan tabarma, ya dawo daga kasuwa yana jiran magariba. Na durƙusa na yi masa bayani a hankali, ina jiran faɗa. Ya saurara yana kallon ƙasa. Sai na ga fuskarsa tana washewa.

"Wato rijiyar Inna ta fi?"

"Baba, duka biyun fa…"

"Na ji. Amma ta fi."

"Ta fi sauƙi dai."

Ya laluba aljihu ya zaro waya. Kaka tana nan da ranta a lokacin, ta tsufa tukuf, sai an kara mata wayar a kunne ana maimaita mata. Ya ɗaga murya har masu wucewa suna waiwaye: "Inna! An gwada a Kano! Taki ta fi!" Aka ce ta ce ita dama ba ta taɓa kai ruwan injin nan bakinta ba, warin ƙarfe yake yi.

Ya dai yi abin da ya kamata, ban rage masa ba. A taron ƙarshen watan ya tsaya ya faɗa musu, aka aika gida a hana yara sha. Yanzu matan garin wanki suke yi da shi, makiyaya suna shayar da dabbobi, ƙungiya kuma ta koma gardamar tankunan tara ruwan sama, wadda har yau ba a gama ba. A zaurenmu idan maganar burtsatsen ta taso, ba a cewa ta ƙungiya, ba a cewa ta manya. Rijiyar 'yar Alhaji ake ce mata. Kwanan baya shugaban ya gan ni zan shiga gida, ya tsayar da ni da fara'arsa, ya tambaye ni ko ina da wata shawarar game da tankunan. Na ce masa harshe na karanta.